Tsere da Goshin Sanyi

Tun da na dawo daga Turkiyya ban huta ba. In na je gidan suna tambaya, in na je niƙa tambaya, ko a Islamiyya muna tsakiyar biya karatu sai in ji an zunguro ni ta baya: "Gwaggo Talatu, wai da gaske ne ƙanƙara ta kayar da ke a gaban suruki?" To, da gaske ne. Mutum ɗaya na faɗa wa a duk Gezawa, shi ne Malam maigidana, don haka na san inda tukunyar take yoyo. Yau zan zayyana muku tun daga farko, kowacce ta ji da kunnenta, a bar ni in koma kan surfena.

Yarinyar nan ce sila, ta farin tawa, kun san ba na kama sunanta. Mijinta, wanda kuke kira Malam Kabiru, karatu ya kai shi can, ya tafi da ita. Sai ga ciki, na fari. Da a gida ne, ai ɗakina za a dawo min da ita ta haihu, in yi mata wankan jego safe da yamma har ta yi arba'in. To likita ya hana ta doguwar tafiya. Sai mijin ya bugo wa Malam ya ce, in an yarda, Inna ta zo.

Ni abin da ya tayar da ni guda ɗaya ne. Wasunku sun san ƙanwata Asabe. A garin miji ta haihu cikin sanyi, babu mai tsaya mata a kan wanka, ta kumbura, ba ta kai arba'in ba. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ta. Ko shi ne ko ba shi ba, Allah ne masani, amma abin ya zauna min a ƙirji. Da na ji an ce ƙasar da yarinyar nan take har ruwan famfo daskarewa yake, na ce ko a kan jaki ne sai na je. Burina in riga sanyi isa jikinta, shi ke nan.

Na hau kan darbejiyar ƙofar gida da tsinka har Malam ya fito ya ce, "Talatu, ki bar mana na inuwa mana, kin mayar da bishiya mai sanƙo." Na shanya ganyen a ɗaki da karansa, na ƙulle a tsohon zani. Na daka yaji, na niƙa gero, na ɗaure kanwa da daddawa da kuka. Don kaina kuwa rigar sanyi guda na saya a gwanjo, mai hoton barewa a ƙirji, da safa, da takalmin roba mai rufin gaba. Malam ya ce in ƙara. Na ce, "Ni da nake fita cirar tumatir da asuba a fadama, wane sanyi za a nuna min?" Ku riƙe wannan bakin nawa, za ku ga inda ya kai ni.

Hajiya Uwani ta Bacirawa, 'yar wan Malam, mai zuwa can saro dogayen riguna, ita aka haɗa ni da ita. Muka hau mota zuwa Abuja, ƙullin ganye a cinyata, don na hana a saka shi a but. Mun wuce Kaduna kaɗan wayarta ta yi ƙara. Ta saurara, ta juyo ta ce, "Gwaggo, albishirinki! Ta sauka lafiya, an samu mace."

Ban san sanda na rangaɗa guɗa ba. Direba ya zabura har mota ta yi wawan kwana, ya ce, "Haba Hajiya, ai sai ki sanar kafin ki kunna!" Duk motar aka yi ta yi min barka, wani bawan Allah ya raba goro. Sai da murna ta ɗan lafa na duba cinyata. Yarinya ta haihu a wata uwa duniya, ni kuwa ga ni a hanyar Kaduna rungume da ganye. Daga nan zuciyata ba ta sake zama wuri ɗaya ba.

Jirgi ba zan ja ku da labarinsa ba, waɗanda suka je Makka sun faɗa muku. Abu ɗaya zan ƙara: duk wadda za ta shiga banɗakinsa, ta fito kafin ta danna abin korar ruwan nan, don ni na ɗauka da ni zai tafi.

A Istanbul aka tare mu wajen duba kaya. Wani dogon jami'i ya buɗe jakata, daddawa ta gaishe shi, ya ja baya ya ɗan yi tari. Ya ɗaga kanwa ya juya ta, ya kwance zani ya ga ganye, ya kira na kusa da shi. Hajiya Uwani ta yi ta zuba musu ɗan Turancinta na kasuwa, ba su gane ba. Na ce, "Matsa, Uwani." Na turo ciki gaba, na yi nishi, na rungumi iska ina jijjigawa ina "inya, inya," sannan na zaro reshe guda na tsoma a tukunyar da babu, na hau fyaɗa wa kaina a baya da kafaɗa. Layi ya tsaya cak ana kallo. Wata tsohuwa a bayana ta tafa. Jami'in nan ya yi dariya har ya dafa tebur, ya ɗaure min ƙullina da hannunsa, ya ce wata kalma da na ji kamar "masha Allah" ce. Uwani ta ce ita ce.

Muna fitowa sai ga surukina. Yaron kirki, a tsakiyar wannan daɓe mai sheƙi ya zube ya durƙusa, kai a ƙasa. "Inna, barka da zuwa. An zo lafiya? Ya su Baba?" Masu tura kaya suna kewaye shi. Wani dattijo ya ɗauka wani abu ya faɗi masa, shi ma ya sunkuya yana taya shi dubawa. Ni kuma na juya gefe ina amsawa, ina kallon bango.

Sai Uwani ta gyara mayafi ta ce, "To Gwaggo, ni nan na tsaya. Ga ki ga surukinki, Allah ya kiyaye hanya." Wallahi sai a lokacin abin ya faɗo min. Garin da yarinyar take can ne gabas cikin duwatsu, sunansa har yau harshena bai iya ba, kuma daga ni sai mijin 'yar fari za mu yi tafiyar. Ni da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Uwani tana tafiya tana waiwayowa tana dariya, Allah ya shirye ta.

Ƙaramin jirgin da za mu hau aka ce ba zai tashi ba saboda iska, sai muka nufi tashar manyan motoci. A nan na fara ganin abokin tseren nawa. Mutane sun yi cincirindo a gaban wata ƙatuwar talabijin, shiru kamar ana huɗuba. Wata mace ce tsaye a gaban taswirar ƙasar, tana nuna wani layi shuɗi mai haƙora kamar zarto, yana rarrafowa daga sama ta hagu. Ban tambaya ba, na dai ce da iska, "Ko me wannan baiwar Allah take sayarwa?"

Surukina ya amsa wa takalminsa. "Hasashen yanayi ne, Inna. Wai wani babban sanyi ne ya taso daga arewa maso yamma. Wannan layin shi ne gabansa, kamar a ce goshinsa. Yau zai shigo nan, gobe ya ratsa tsakiyar ƙasa, daga nan ya wuce gabas. Sun ce dusar ƙanƙara za ta zuba sosai a kan duwatsu, wasu hanyoyi za su rufe."

"Gabas, wajen su?"

"Wajenmu, Inna."

Kun ji fa! Mu a nan wa yake sanar da sanyi? Sai dai ki tashi ki ga man kaɗanya ya yi tauri, ki ce af, ya shigo. Su kuwa sun san ranar zuwansa, sun san garuruwan da zai yada zango, kamar rangadin babban baƙo. Masu shago suna ta shigar da kaya, wani ya wuce rungume da burodi kamar itacen girki. Na leƙa waje, iska ta yanke min kunne. Na ce, "Wannan duk goshi ne? To Allah ya raba mu da ganin ƙeya." Na ga kafaɗun surukina suna rawa, amma bai bari dariyar ta fito ba.

Na sake kallon layin nan mai haƙora, na ce masa a zuci: ni da kai ne. Kai daga yamma, ni ma daga yamma, mu ga wanda zai riga isa.

Kafin mu hau mota ya ajiye wata jaka a gabana, ya ja baya. "Inna, ita ta ce a ba ki. Kayan sanyi ne." Na buɗe. Ga jibgegiyar riga, wannan na gane tata ce. A ƙasa kuwa wani wandon ulu ne dogo, da wasu takalma kamar na sojoji. Ya ce wai nata takalman ba za su shige ni ba, shi ya sa ta haɗo da nasa. Jama'a, ku taya ni ji. In sa wandon suruki? In zura ƙafa a takalminsa, yana kallo? Na ɗauki rigar, na zuge jakar na ce, "Wannan ta isa. Ni ba na jin sanyi."

"Inna, can ba kamar nan ba ne."

"Na ce ba na ji."

Motar kuwa ɗaki ce guda, da ɗumi, kujera kamar ta amarya. Ni a gaba, shi a kujerar bayana. Muna tashi wani ma'aikacin motar ya biyo layi da kwalba yana tsiyaya wa kowa wani ruwa a tafin hannu. Na ga na kusa da ni ya murza ya kai fuska. Na ce lallai mutanen nan da addini suke, har tofin tafiya ake rabawa. Na tara hannu biyu, na yi bismilla, na shafe fuska har cikin ido. Wayyo Allah! Ashe turare ne mai ƙamshin lemon tsami. Idona ya kama wuta, hawaye shaaa, ina sharewa da gefen hijabi. Surukina ya hango ta tsakanin kujeru, ya ɗauka kukan murnar jika nake. Can sai na ji shi ma yana jan hanci a baya, yana cewa, "Sai godiya, Inna, sai godiya." Haka muka fita daga Istanbul, ni da shi muna kuka, kowa da dalilinsa.

Aka kawo shayi a wasu 'yan kofuna masu ƙugu, ko kurɓa uku ba za a yi ba. Na ce na ƙoshi. Aka kawo biskit, na ce na ƙoshi. Cikina kuwa har ƙara yake, ina rufe ta da tari. Shayin ma da gangan na ƙi, don in ya nemi hanyar fita, da wane baki zan ce wa suruki a tsayar da mota? Da aka tsaya sallah na yi alwala a wani famfo na waje, ruwan kamar an watsa min allurai, na mayar da safa a kan jiƙaƙƙiyar ƙafa. Kowace tasha da talabijin ɗinta, kowace talabijin da matar nan ko 'yar'uwarta, layin kuwa kullum sai ya ƙara matsowa. Na ce da direba da Hausa, "Taka, ɗan nan, goshinsa na taɓa mana ƙeya." Ya yi murmushi ya miƙo min alawa.

Washegari da rana muna cikin hawan duwatsu garin ya yi fari fat, sai ga abu yana saukowa a hankali, ba ƙara, ba tsawa. Na manna fuska a gilashi. Duk wanda ya sa wa abin nan suna dusar ƙanƙara ya taɓa tankaɗe, don sak dusa ce. Na ce, "Ikon Allah! Da ta ci ce, da tumakina sun yi sallah." Dariya ta kama ni, na manta da yunwa, na manta da suruki, ina nuna wa matar da ke gefena kamar ni na kawo ta. Kafin la'asar mota ta fara jan ciki, daga nan ta tsaya a wani ɗan gari. Aka ce hanyar gaba ta rufe, sai an share.

Aka sauke mu a wani masauki, maza a ƙasa, mata a sama. Tsakanin mota da ƙofa ba nisa, amma takalmin robana bai san ƙanƙara ba. Taku kaɗan na yi, sai na ga ƙafafuna a sama. Tim! Ƙullin ganye dai yana hannuna, ban sake shi ba. Surukina ya yo kaina da gudu, ya miƙo hannu, ya tuna, ya janye, ya sake miƙowa, sannan ya ɗaga kai yana kallon sama kamar mai duban wata, yana ta "Sannu Inna, sannu Inna." Ni ina kwance ina cewa, "Ba komai, hutawa nake." Sai ga wata gajeriyar tsohuwa ta fito daga masaukin, ta ɗaga ni cak kamar buhun ƙaiƙayi, ta juya kan yaron nan ta wanke shi tas da yarensu, har da nuna shi da tsintsiya. Daga baya ya ce min in kira ta Teze, wai Gwaggo ke nan a wajensu.

A sama akwai murhun ƙarfe mai bututu a tsakar ɗaki, mata sun kewaye shi. Da ƙofa ta rufu na tabbata babu suruki, ke, ban san ina da ciki haka ba! Miya suka kawo ta wani jan wake, babu tuwo. Na jira tuwo, na ga kowa na kurɓar miya tsura yana haɗawa da burodi, na ce to, ba ni ce zan gyara musu ƙasa ba. Na sha kwano biyu, Teze ta ƙaro na uku. Sai ta turo wani faranti mai baƙaƙen 'ya'ya ta ce, "Zaitun." Murna ta kama ni. Zaitun ɗin da muke karantawa tun muna yara, yau ga shi ga ni! Na yi bismilla na jefa biyu a baki. Ɗaci, gishiri, bauri, duk a wuri ɗaya. Na rasa yadda zan yi, abu mai albarka ba a tofarwa. Na haɗiye har da ƙwallon guda ina murmushi, matan nan suna faɗuwa don dariya.

Na nuna musu hoton jaririya a wayar da surukina ya bar min, na yi musu wasan fyaɗa ganye irin na filin jirgi. Teze ta gane tsaf. Ta ɗaga yatsu tana lissafa min har arba'in, ta rungume jikinta tana karkarwa, ta kaɗa yatsa alamar a'a. Ashe su ma arba'in suke yi, su ma sanyi suke tsoro wa mai jego. Muka riƙe hannun juna muna ta gyaɗa kai, ba mai jin yaren wani. Ta nuna ƙafata tana son in cire safa, na ce a'a. Safar ta jiƙe tun faɗuwar nan, amma na shanya ta a jikina, don in na cire aka gani, maganar takalman soja za ta dawo.

Da safe na sauko na tarar ana kallon talabijin. Surukina ya nuna min wani ɗigo a taswira tun jiya, ya ce nan ne garinsu, na kuwa riƙe wurin. Na duba. Layin mai haƙora ya wuce ɗigon, ya bar shi a baya cikin shuɗi.

Ya riga ni.

Duk wasan ya fita daga kaina. Na zauna a kan matakala, Asabe kawai nake gani. Na ce yarinya ɗanya shakaf, kwana nawa da haihuwa ko ruwan zafi ba a fyaɗa mata ba, ga wannan abu ya sauka a kanta, uwarta na nan tana shan miya. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye muku ba. Surukina ya durƙusa daga nesa ya ce, "Inna, na yi magana da ita, lafiyarta ƙalau, ta ma koma gida." Na ce to. Asabe ma ƙalau ake cewa.

Wajen hantsi wata mota mai garma a gaba ta zo tana huɗa ƙanƙara tana kifar da ita gefe, kamar ana kunya a gona. Aka ɗaura wa tayoyinmu sarƙa, muka bi bayanta a hankali. Ban ƙara kallon taga ba. Surukina ya leƙo ya ce, "Inna, ƙafarki ba ta jin sanyi?" Na ce a'a. Wannan karon gaskiya na faɗa, don tun safe na daina jin ta gaba ɗaya.

Da yamma muka isa. Daga inda mota ta ajiye mu sai an ɗan taka, ƙanƙara har ƙwauri. Ina tafiya kamar da ƙafar aro. Muka hau bene, ya ƙwanƙwasa, aka buɗe.

Zafi ne ya fara dukan fuskata, kamar na buɗe tukunyar dambu. Ga yarinyar nan tsaye da 'yar rigar shan iska, an ɗaura mata wani jan ƙyalle a ka, kumatu sun cika, har da gumi a hanci. A bayanta wata tsohuwa ce maƙwabciyarsu, riƙe da jaririya an naɗe ta kamar alkaki, ga tulin barguna, ga wani jan abin sha mai ƙamshin kanumfari yana tururi a kan tebur. Wasu ƙarafa ne a jikin bango suke ba da zafin, ko ina ka taɓa ɗumi. Sanyin da na yi tsere da shi tun daga Istanbul ko ƙofar gidan bai samu shiga ba.

Na buɗe baki in ce a ɗora ruwa. Haƙorana suka hau kaɗawa, kaf kaf kaf, "ɗo… ɗo…" kawai ke fita. Yarinyar nan ta dube ni daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a kan takalmin roba. Ta zaunar da ni, ta durƙusa ta zare safar. Yatsuna sun yi fari-fari kamar an tsoma a toka, ta matsa, ban ji ba.

Ta juya kan mijinta. "Ina takalman da na ba ka?"

"Suna jaka. Wallahi na yi ta tambaya, ta ce ba ta jin sanyi."

"Kai ma ka san ko mutuwa take ba za ta ce maka tana ji ba!"

Maƙwabciyar ta ajiye jaririya ta leƙo, ta yi salati irin nasu, ta ruga ta kawo baho. Ta gwada ruwan da gwiwar hannu, ta surka, ta sake surkawa, wai mai zafi ɓarna zai yi, sai mai ɗumi. Yarinyar nan ta fizge ƙullin daga hannuna, ta kwance, ta zuba ganyen darbejiyar ƙofar gidanmu a ciki, ta kama ƙafafuna ta tsoma. Ƙamshin ya tashi, ɗakin nan na Turkiyya ya koma bayan ɗakina na Gezawa.

Da bakina ya dawo na ce, "Tashi, ke. Ɗanyen jiki gare ki. Ni na zo yi miki."

"Gobe kya yi min, Inna. Mai ɗumi dai, ba tafasasshe ba, kanwar ma likita ya hana. Yau ki bari."

Jini ya fara dawowa, zafi kamar ana soka min ƙaya, ina cije leɓe. Ita kuma tana ɗebo ruwan da ganye tana zubawa a hankali, kanta a sunkuye. Can na ga ɗigo yana faɗawa cikin bahon, ba daga hannunta ba.

Ta ce, "Tun ina gadon asibiti nake kallon layin nan a talabijin. Duk inda ya matsa sai in ce yanzu Inna tana daidai nan. Ban iya barci ba. Ina ta cewa, ya Allah, ni na taso ta daga ɗakinta, kada ka bari ya kama min uwa a hanya."

Na ɗora hannu a kanta, a kan jan ƙyallen nan, abin da rabona da yi tun tana goye. Maƙwabciyar ta ɗauko jaririya ta ajiye min a cinya. Kuka ya zo min, na gaske wannan karon, na bar shi ya fito da ƙarfinsa. Surukina na tsaye a gabana riƙe da tawul, ƙafafuna tsirara a cikin baho, na ɗaga kai na dube shi ido cikin ido na ce, "Kabiru, miƙo min burodin can, yunwa nake ji."